Wata 22 ina aiki a Ingila, za a rufe sashenmu: ina da kuɗin sallama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin ajiya da rarraba kaya a Ingila. Shekaruna 34, albashina fam 520 a mako kafin a cire haraji. Ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata na fara, na yi wata biyar, sannan suka ɗauke ni kai tsaye, yau wata 22 ke nan. Makon jiya aka tara mu aka ce za a rufe sashenmu, mu kusan talatin. A takardar ɗaukar aikina, notis na wata ɗaya ne. Manaja ya ce ba ni da ko sisi na kuɗin sallama tunda ban cika shekara biyu ba. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Manajanka ya faɗi gaskiya a kan abu ɗaya, ya yi gum a kan sauran. Kuɗin sallamar da doka ta wajabta a ba wanda aka rage daga aiki sai wanda ya yi shekara biyu cur a jere a hannun mai aiki ɗaya. Haka sashe na 155 na Dokar Haƙƙoƙin Ma'aikata ta 1996 ya ce, kuma ba a yin rangwame a kansa. Wanda ya yi wata 23 da mako uku da wanda ya yi wata biyu duk ɗaya suke a wajen wannan sashe. Ba a raba kuɗin a ce ga rabonka gwargwadon abin da ka yi, kuma alƙali ba shi da ikon ya tausaya maka ya cike maka gurbin. Sai dai maganarka ba ta ƙare a nan ba, don akwai tambayoyi biyu da manajan bai taɓo ba. Ta farko, shin lissafin watannin nan daidai ne? Ta biyu, me kake bin su wanda bai rataya a kan shekara biyun ba? A ganina ta biyun ce ta fi tsoka, amma bari mu fara da lissafi tunda kai a bakin gaɓa kake.

Ana ƙirga wa'adin ne daga ranar da kwantiraginka ya fara aiki har zuwa ranar da aikin ya ƙare, ana haɗawa da ranar farko da ta ƙarshe. Wanda ya fara ranar 3 ga Maris 2024, misali, ya cika shekara biyunsa ranar 2 ga Maris 2026. Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne ranar ƙarshen. Ranar da aka tara ku aka ce za a rufe sashe ba ita ba ce. Wannan gargaɗi ne kawai. Ko takardar da ke cewa aikinka yana cikin waɗanda za a iya ragewa ba notis ba ce. Notis na gaskiya sai ya nuna ranar da aikin zai ƙare, ko a iya gane ranar daga abin da aka rubuta. Kuma idan an ba ka notis ɗin kana ci gaba da zuwa aiki, ko an ce ka zauna a gida ana biyanka har wa'adin ya cika, to kai ma'aikacinsu ne har ranar ƙarshe, kwanakin nan duk suna shiga lissafi.

Duba yadda naka yake. Kana da wata 22. Idan yau suka miƙa maka notis na wata ɗaya, za ka tashi da 23, ba ka kai ba. Amma ba ka ce an ba ka notis ba, cewa ka yi an tara ku. Kuma ku kusan talatin ne, wanda ke nufin dole kamfanin ya zauna tuntuɓa da wakilanku tukuna, zan zo kan wannan. Idan tuntuɓar ta ci wata guda, sannan aka ba da notis na wata guda, kai ma ka ga inda lissafin ya dosa. Don haka abu na farko da za ka yi shi ne ka ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka ga ainihin ranar da ka fara, ba wata ba, rana. A irin matsayinka kwana uku ma suna iya raba gardama.

Har Kotun Ƙolin Birtaniya an je a kan irin wannan ƙirgar kwanaki. A shari'ar Haywood ta 2018, wata ma'aikaciyar hukumar lafiya ce aka aika wa takardar sallama ta gidan waya tana hutu a ƙasar waje. Idan notis ɗin ya fara tun ranar da takardar ta isa gidanta, aikinta zai ƙare kafin ta cika shekara 50, ta rasa wani kaso mai tsoka na fansho. Kotu ta ce muddin kwantiragi bai faɗi akasin haka ba, notis yana fara aiki ne ranar da ma'aikaci ya karanta takardar ko ya sami damar karantawa. Ta yi nasara. Ban kawo wannan don ka riƙa ɓuya wa ɗan aike ba, kotu ba ta yarda da wanda ya ƙi buɗe takarda da gangan. Na kawo ne don ka rubuta ranar da kowace takarda ta shigo hannunka, ka ajiye ambulan ɗin ma.

Kamfanoni sun san wannan lissafi sarai, shi ya sa da yawa suke zaɓar su biya ka kuɗin notis a dunƙule su ce gobe kada ka zo. Idan suka yi haka aikin ya ƙare nan take, watan notis ɗin ba ya shiga lissafin wa'adi. Abin da doka ta ƙara maka a nan mako ɗaya ne kacal. Sashe na 145 ya ce idan an sallami mutum ba tare da an bar shi ya ci notis ɗin da doka ta wajabta ba, sai a ɗora wannan notis a kan ranar sallamar wajen ƙirga shekara biyun. Ga wanda bai kai shekara biyu ba, notis ɗin doka mako ɗaya ne. Saboda haka wanda aka kora yana da shekara ɗaya da mako 51 ya tsallake, wanda aka kora yana da wata 23 bai tsallake ba, ko da kwantiraginsa ya ce notis wata uku ne. Za ka tambaya, to ya halatta kamfani ya yi sauri da gangan don kada ka cika? A takaice, eh. Abin ba daɗi, amma doka ba ta hana ba, matuƙar ba su take wani haƙƙin naka a garin saurin ba.

Sai watanni biyar ɗin da ka yi ta hannun dillalan ma'aikata. Na san a nan zuciyarka take, don idan aka haɗa ka kai wata 27. Ba na so in sa maka rai. A mafi yawan lokuta ba sa shiga, domin a idon doka lokacin nan ba kamfanin ne ya ɗauke ka ba, ko da kuwa rumbun ɗaya ne, manajan ɗaya, aikin ɗaya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsaurara wannan tun 2008 a shari'ar James da ƙaramar hukumar Greenwich, inda ta ce ba za a ƙaddara akwai kwantiragi tsakanin ma'aikacin dillali da kamfanin da yake wa aiki ba sai in babu wata hanyar fahimtar alaƙar tasu. Daɗewa a wurin kaɗai ba ta isa hujja ba. Duk da haka ka buɗe takardarka. Doka ta tilasta wa mai aiki ya rubuta ranar da aikinka na jere ya fara, kuma wasu kamfanonin suna rubuta ranar da mutum ya fara ta hannun dillali. Idan haka suka rubuta, ba lallai ya ɗaure kotu a kan kuɗin doka ba, tunda wa'adin doka ba a ƙirƙirarsa da yarjejeniya, amma hujja ce mai ƙarfi ta cewa su da kansu sun yi alkawarin ɗaukarka a matsayin tsohon ma'aikaci, kuma da ita ake ciniki.

Akwai wasu hanyoyin da tsohon aiki ke haɗuwa da sabo, na faɗe su saboda masu karatu da lamarinsu ya bambanta da naka. Idan an sayar da kamfani ko an miƙa kwangilar aikin ga wani kamfanin aka tafi da ma'aikatan, ƙa'idojin TUPE na 2006 sun ce shekarun baya suna bin mutum. Wannan ya fi shafar masu shara, masu gadi da masu kula da tsofaffi, inda rigar aiki ke canzawa amma aikin yana nan. Haka idan an mayar da kai daga wani kamfani zuwa ɗan'uwansa da ke ƙarƙashin uwa ɗaya. Hutun haihuwa, hutun shekara da jinya ba sa yanke wa'adi muddin kwantiragin yana raye. Kwantiragin wucin gadi da ake ta sabuntawa a jere shi ma ana haɗa shi, kuma ƙin sabunta shi sallama ce a wajen doka. Abin da ke yanke wa'adi shi ne a sami cikakken mako, daga Lahadi zuwa Asabar, da babu kwantiragi a tsakaninku, shi ma da 'yan togaciya.

Yanzu mu ɗauka lissafin bai kai ba. Nawa ne ma ka rasa? Doka tana ba da rabin albashin mako a kan kowace cikakkiyar shekarar da mutum ya yi yana ƙasa da shekara 22, albashin mako ɗaya a kan kowace shekara daga 22 zuwa 40, mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama. Ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma albashin makon yana da iyaka da ake sabuntawa duk watan Afrilu. A shekarar da ta fara 6 ga Afrilu 2025 iyakar fam 719 ce, wato mafi yawan abin da kowa zai samu a shekarar fam 21,570. Kai mai shekara 34 da fam 520, da ka cika shekara biyun, abin da za a ba ka albashin mako biyu ne, fam 1,040. Kuɗi ne, ban raina ba, kuma ba a cire masa haraji. Amma tsarin nan, tun da aka kafa shi a 1965, don wanda ya tsufa a wuri ɗaya aka yi shi. Mai shekara biyu ɗan abin da ke zuwa masa kaɗan ne. Sau da yawa ina ganin mutum ya ƙwallafa rai a kan wannan dubu ɗayan, ya sa hannu a takardar da ta tafi da abin da ya ninka ta sau uku ko shida.

Na farkon abin da kake bi shi ne notis. Doka ta ba da mako ɗaya ga duk wanda ya yi wata ɗaya zuwa shekara biyu, amma idan kwantiragi ya fi haka, na kwantiragin ake bi. Naka wata ɗaya ne, wato kimanin fam 2,250. Ko su bar ka ka yi aikin watan su biya ka, ko su biya ka ka tafi. Ba su da hanya ta uku. Wannan kuɗin ana cire masa haraji da kuɗin inshorar ƙasa kamar kowane albashi. Tun Afrilun 2018 aka toshe ƙofar da ake bi a da ana biyansa ba haraji.

Na biyu hutun shekara da ba ka ci ba. Mai aikin kwana biyar a mako yana da kwana 28 a shekara a ƙarƙashin ƙa'idojin lokutan aiki na 1998, kuma yana taruwa ne tun daga ranar farko. A ce shekarar hutunku daga Janairu take farawa, kuma a ƙarshen Satumba za ka tafi. Ka tara kwana 21 ke nan. Idan goma ka ci, saura 11, kowace rana fam 104, jimilla fam 1,144. Ka ga wannan kaɗai ya zarce kuɗin sallamar da ake ta magana a kai. A nan ne kuma aka fi yin kuskure a takardar albashin ƙarshe, wani lokacin da gangan, galibi dai sakaci ne. Idan kana yawan yin aikin ƙarin lokaci a kai a kai, shi ma ya kamata ya shiga lissafin kuɗin hutun, aƙalla na mako huɗu daga ciki. Idan kuma ka ci hutu fiye da abin da ka tara, ba su da ikon cirewa daga albashinka sai in akwai yarjejeniya a rubuce da ta ba su dama.

Na uku, karanta kwantiraginka da littafin ƙa'idojin ma'aikata na kamfanin. Shekara biyun nan ƙasan ƙasa ce da doka ta shimfiɗa, ba ta hana kamfani ya yi fiye da haka ba. Akwai kamfanonin da tsarinsu na cikin gida ke biyan kowa wani abu, ko suke farawa daga shekara ɗaya, musamman inda ƙungiyar ƙwadago ta yi yarjejeniya da su. Idan an rubuta a kwantiragi, bashi ne a kansu. Ko ba a rubuta ba, idan sun saba biya duk lokacin da suka rage ma'aikata, kowa ya sani, ba a taɓa fashi ba, kotu tana iya ɗaukar al'adar a matsayin sharaɗin aiki, ko da yake tabbatar da hakan yana da wuya. Tambayi tsofaffin wurin abin da aka yi a ragin da ya gabata. Su ne suka fi ofishin kula da ma'aikata riƙe irin wannan tarihi.

Na huɗu shi ne wanda na fi so ka buɗe wa kunne, don ka ce ku kusan talatin ne. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1992, sashe na 188, ta ce duk mai aikin da ke shirin rage mutum 20 ko fiye a wuri ɗaya cikin kwana 90, dole ya yi tuntuɓa da ƙungiyar ƙwadagon da ya amince da ita, in babu kuma da wakilan da ma'aikata suka zaɓa. Daga 20 zuwa 99, a fara tuntuɓar aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko ta fara aiki. Daga 100 zuwa sama, kwana 45. Dole kuma ya sanar da gwamnati. Tuntuɓar ba ta nufin a tara ku a karanta muku hukunci. Sai an ba wakilai dalilai a rubuce, da adadin waɗanda abin zai shafa, da yadda za a zaɓe su, a kuma tattauna hanyar kauce wa sallamar ko rage yawanta. Idan kamfani ya tsallake wannan, kotun ma'aikata tana iya ɗora masa diyyar albashi, wadda kafin Afrilun 2026 iyakarta kwana 90 ce ga kowane mutum, kuma a nan babu zancen shekara biyu. Wanda ya yi wata uku yana ciki. A albashinka, kwana 90 ya kusa fam 6,700. Sabuwar dokar haƙƙoƙin ma'aikata ta 2025 ta ninka iyakar zuwa kwana 180 daga Afrilun 2026, bayan surutun da ya biyo bayan abin da kamfanin jiragen ruwa na P&O ya yi a Maris 2022, lokacin da ya sallami ma'aikata kusan 800 a rana ɗaya, shugabansa kuma ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa da sani suka ƙi yin tuntuɓar.

Kalmar wuri ɗaya ita ce inda ake fafatawa. Bayan durƙushewar shagunan Woolworths a 2008, Kotun Turai ta yanke a 2015 cewa kowane shago wuri ne mai zaman kansa, sai ma'aikatan ƙananan shagunan da ba su da ma'aikata 20 suka tashi a tutar babu. Ku da kuke rumbu ɗaya ba ku da wannan matsalar. Abin lura kawai, idan akwai ƙungiya ko zaɓaɓɓun wakilai, su ne ke shigar da ƙarar a madadinku. Idan kamfanin bai shirya zaɓen wakilai ba sam, kowannenku yana iya shigarwa da kansa. Don haka idan aka ce a zaɓi wakilai, kada ka ce ba ruwanka. Wakilin kirki yana iya nemo wa waɗanda ba su cika shekara biyu ba wani abu a teburin tattaunawa, kuma kamfanin da ke son a rabu lafiya yakan yarda, tunda kuɗin bai taka kara ya karya ba a wajensa.

Sai batun dalilin zaɓenka. Ƙarar korar da ba ta bisa adalci ba ita ma shekara biyu take buƙata a Ingila, Wales da Scotland tun 6 ga Afrilu 2012, a Ireland ta Arewa kuwa shekara ɗaya ce. Dokar 2025 za ta sauko da wannan wa'adi zuwa wata shida, amma kada ka rikita su: ba ta taɓa shekara biyun kuɗin sallama ba. Abin da wannan ke nufi a yau shi ne ba za ka iya kai ƙara don kawai ba a bi tsari mai kyau wajen zaɓenka ba. Amma akwai dalilan da ko kwana ɗaya ka yi ba a yarda a sallame ka a kansu ba. Dokar Daidaito ta 2010 ta hana wariya saboda launin fata, asali, addini, jinsi, shekaru ko naƙasa. Haka idan an zaɓi mutum don ya tona wata ɓarna, ko ya yi ƙorafi a kan hatsari a wurin aiki, ko ya nemi haƙƙinsa na mafi ƙarancin albashi, ko don yana ƙungiyar ƙwadago. Mace mai juna biyu tana da ƙarin kariya: tun 6 ga Afrilu 2024, daga ranar da ta sanar da cikin har wata 18 bayan haihuwa, idan akwai gurbin da ya dace da ita, ita za a fara ba. A lamarinka, tunda sashen gaba ɗaya za a rufe, da wuya wannan ya taso. Inda zai iya tasowa shi ne idan aka ɗebi wasu aka mayar da su wani sashen aka bar wasu. A nan sai ka duba su wa aka ɗauka, su wa aka bari, da wane ma'auni.

Wannan ya kawo ni kan shawarar da na fi ba mai irin matsayinka. Idan akwai gurbi a wani sashen, ko da bai kwanta maka sosai ba, nemi shi a rubuce. Wa'adinka zai ci gaba da tafiya, bayan wata biyu ka shiga sahun masu cikakken haƙƙi. Idan babu, ba laifi ba ne ka roƙi a matsar da ranar tafiyarka. Rufe sashe yakan buƙaci 'yan mutanen da za su tsaya ƙirga kaya da kwashe su, ka ce kana so ka kasance cikinsu. Abin da ba na so ka yi shi ne ka yi fushi ka ajiye aiki da kanka kafin a ba ka notis. Wanda ya yi haka ya yafe kuɗin notis, ya kuma raunana duk wata ƙara da zai iya shigarwa. In ka sami sabon aiki a tsakiyar wa'adin, ka nemi su amince a rubuce da ranar da za ka tafi. Ka kuma sani cewa haƙƙin fita neman aiki a lokacin aiki ana biyanka shi ma na masu shekara biyu ne, amma yawancin manajoji ba sa hanawa idan an tambaya.

Wataƙila su kawo maka takardar sulhu, su ce ga ɗan wani abu, ka sa hannu cewa ba za ka kai su ƙara ba. Irin wannan takarda ba ta ɗaure ka sai lauya mai zaman kansa ko jami'in ƙungiyar ƙwadago da aka tantance ya yi maka bayaninta, kuma bisa al'ada kamfanin ne ke ba da kuɗin lauyan. Ka tabbata abin da suke kira kyauta ba kuɗin notis da na hutunka ba ne aka canza wa suna. Waɗannan naka ne ko ka sa hannu ko ba ka sa ba. Abin da ya hau kansu shi ne farashin sa hannunka, kuma fam 30,000 na farko na irin wannan diyya ba a cire masa haraji.

Idan kamfanin ne gaba ɗaya ya karye, ba sashe kaɗai ba, hukumar kula da karyewar kamfanoni tana biya daga asusun inshorar ƙasa: bashin albashi har na mako takwas, kuɗin hutu har na mako shida, da notis ɗin doka, duka a kan waccan iyakar ta mako. Waɗannan ba sa neman shekara biyu.

Ba ka faɗi irin takardar zamanka ba, kuma ga wasu wannan ya fi duk kuɗin da muka lissafa nauyi. Wanda ke kan bizar aiki da kamfani ya ɗauki nauyinta, kamfanin zai sanar da ma'aikatar cikin gida cikin kwanakin aiki goma, ita kuma takan rage bizar zuwa kwana 60, ko abin da ya rage mata idan bai kai haka ba. Ga irin wannan mutum, zama a kan notis ya fi karɓar kuɗinsa a dunƙule, don kowane mako a cikin littafin albashinsu ƙarin lokaci ne na neman wanda zai ɗauki nauyinsa. Wanda aka rubuta wa cewa ba shi da damar cin tallafin gwamnati ba zai nemi Universal Credit ba, wato tallafin masu ƙaramin ƙarfi, amma alawus ɗin masu neman aiki da ake biya bisa kuɗin inshorar ƙasa da mutum ya zuba ba ya cikin abin da aka hana, ana kuma biyansa har kwana 182 ga wanda ya cika sharuɗɗan zubi.

Lokaci shi ne abin da ke kashe yawancin ƙararrakin nan. Na albashi, hutu, notis, wariya da rashin tuntuɓa, ka ɗauka wata uku ne ba kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru. Na kuɗin sallama wata shida ne. Kafin ka je kotun ma'aikata dole ka fara sanar da hukumar sulhu ta ACAS, kuma sanarwar tana tsayar da ƙirgar kwanakin har a gama ƙoƙarin sulhun. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara tun da Kotun Ƙoli ta soke shi a 2017. Kada ka zauna jiran amsar ƙorafin da ka shigar a cikin kamfani, domin wannan ba ya tsayar da komai.

A wannan makon, aika wa ofishin kula da ma'aikata imel, ba da baki ba. Tambaye su ranar da suka rubuta a matsayin farkon aikinka na jere, ranar da suke nufin ya ƙare, mutum nawa ragin ya shafa, yaushe za a zaɓi wakilai, kwana nawa na hutu suka lissafa maka, da guraben da ke akwai a sauran sassa. Kwafi kwantiraginka da takardun albashinka zuwa wayarka tun kafin a rufe maka shiga kwamfutar kamfani. Da amsarsu ta zo, kai ta ofishin Citizens Advice mafi kusa, masu ba jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, ko wajen ƙungiyarka idan kana da ita, a ɗora ranakun a kan kalanda a ƙirga tare da kai.